Yadda ake dawo da ɓangaren faifan waje da ya ɓace tsakanin Windows, Mac da Linux

Faifan ajiya na waje da ake yawo da shi tsakanin kwamfutoci masu babbar manhaja daban-daban ya fi kowane faifai saurin tayar wa mai shi hankali. Jiya yana aiki lafiya lau a Mac, yau an jona shi a Windows sai ga saƙo wai sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Ko kuma Linux ta nuna faifan, amma babu ɓangare ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a mafi yawan lokuta fayilolinka suna nan inda ka bar su. Abin da ya lalace ɗan ƙaramin bayani ne da ke farkon faifan, kuma yawancin asarar da ake yi ba a lokacin da matsalar ta faru ake yin ta ba, sai a lokacin gaggawar gyara.

Kowane faifai yana da jadawali a farkonsa wanda ke cewa ɓangare na ɗaya, wato fatishan, ya fara daga sekta kaza ya ƙare a sekta kaza, na biyu kuma haka. Sekta ita ce ɗan ƙaramin yankin da ake auna filin faifai da shi. Kamar shafin ƙunshiya ne a littafi: in an yage shi, babukan suna nan daram, sai dai mai karatu bai san shafin da kowanne ya fara ba. Jadawalin iri biyu ne. Tsohon, MBR, tun 1983 ake amfani da shi, yana zaune a sekta ta farko mai bayit 512, kwafinsa ɗaya tak, manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, kuma bai wuce kimanin terabayit 2 ba a faifai mai irin wannan sekta. Sabon, GPT, yana ajiye kwafi a farkon faifai da wani a can ƙarshensa, abin da zai yi mana rana nan gaba.

Abin da ba za ka taɓa ba

Idan Windows ta kawo akwatin da ke neman fomat, danna Cancel. Idan Disk Management ta ce ka yi Initialize, rufe akwatin. Idan Mac ta ce ba ta iya karanta faifan ba, ta ba ka zaɓin Initialize da Ignore da Eject, ɗauki Ignore ko Eject. Kada ka ƙirƙiri sabon ɓangare a wurin da aka rubuta Unallocated da tunanin tsohon zai dawo, kada ka yi gaggawar sakin chkdsk na Windows ko First Aid na Mac, wato manhajojin gyaran faifai, a kan faifan, kuma kada ka sauke wata manhajar ceto ka ajiye ta a cikinsa. Duk waɗannan rubutu suke yi a kan faifan, kuma duk rubutun da aka yi yana iya hawa kan abin da ake nema. Garin gyaran gira ake rasa ido a nan fiye da ko'ina. Musamman chkdsk: aikinsa daidaita tsarin fayil ne, wato yadda ake jera fayiloli a cikin ɓangare, ba ceton fayil ba, don haka in ya ga abin da bai gane ba yana iya datse shi ko ya mayar da shi gutsattsari marasa suna.

Tabbatar ɓangaren ya ɓace da gaske

Sau da yawa babu abin da ya ɓace, wata manhajar ce kawai ba ta jin harshen wata. Windows ba ta karanta tsarin fayil na Mac, wato APFS da HFS+, ba ta karanta ext4 na Linux. Mac tana karanta NTFS na Windows amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja, ext4 kuma ba ta san shi ba sam. Saboda haka matakin farko shi ne ka mayar da faifan kwamfutar da ta yi masa fomat tun asali, ko wadda ya yi aiki a cikinta na ƙarshe. In ya buɗu a can, babu gyaran da yake buƙata.

A Windows, danna maɓallin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, ka dubi layin faifan. In an rubuta Healthy kuma akwai NTFS ko exFAT amma babu harafi, danna dama ka zaɓi Change Drive Letter and Paths ka ba shi harafi, shi ke nan. In an rubuta RAW, ɓangaren yana cikin jadawali amma Windows ba ta gane abin da ke cikinsa ba. In baƙin layi ne da Unallocated, to jadawalin ne ya rasa shi. A Mac, buɗe Terminal ka rubuta diskutil list, ko a Disk Utility ka shiga View ka zaɓi Show All Devices, domin in ba haka ba faifan kansa ba zai fito ba. A Linux, lsblk -f da sudo fdisk -l sun isa su nuna maka komai.

Akwai abubuwa uku da suke kama da ɓacewa alhali ba ita ba ce. Na farko, Windows tun daga ta 8 tana da Fast Startup, wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. In an kashe ta faifan NTFS yana jone, Linux na iya ƙin buɗe shi ko ta buɗe shi don karatu kawai. Maganin shi ne a mayar da shi Windows, a yi Restart, sannan a cire shi ta hanyar Eject. Na biyu, faifan exFAT da aka fizge ba a sallame shi ba, Mac kan tsaya duba shi a ɓoye kafin ta nuna shi. Duba Activity Monitor, in ka ga fsck_exfat yana gudana, to abin da ke faruwa ke nan, kuma a babban faifai yakan ɗauki lokaci mai tsawo. Na uku, Windows ɗin da suka gabaci Windows 10 sigar 1703 ɓangare ɗaya kawai suke nunawa a filas mai ɓangarori da yawa.

Kada ka raina waya da wuta ma. Canza wayar, jona faifan kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta mahaɗar da ke rarraba ramuka ba. Faifan da wuta ba ta isa ba yakan bayyana ya ɓace, ko ya nuna girman da ba nasa ba.

Lafiyar faifan kansa

Kasa kunne. In faifan yana ƙaras-ƙaras, ko yana tashi yana mutuwa, ko kwamfuta ta nuna girmansa sifili ne, cire shi yanzu. Wannan ciwon jiki ne, babu manhajar da ke gyara shi, kuma kowane minti da ya yi yana juyawa ƙara ɓarna yake. Aikin masu ɗakin gyara na musamman ne. In shiru yake, duba bayanan SMART, wato rahoton lafiya da faifai ke ajiyewa game da kansa, da CrystalDiskInfo a Windows, ko da sudo smartctl -a -d sat /dev/sdX a Linux, inda za ka sa harafin faifanka a madadin X. Lambobi uku za ka sa wa ido: 5, sektocin da aka riga aka sauya, 197, waɗanda ke jiran hukunci, da 198, waɗanda suka ƙi karantuwa. In ɗanyen adadin ɗayansu ya wuce sifili, faifan ya fara gajiya, kuma mataki na gaba ya zama dole a kanka.

Ɗauki kwafin faifan sukutum

Ko faifan lafiyarsa ƙalau, ni shawarata ita ce kada ka gwada komai a kan na asali. Nemi wani faifai da ya fi shi fili, ka kwashe kowace sekta zuwa fayil guda. Aikin ya fi tsabta a Linux, kuma ba sai ka girka ta ba, kana iya tayar da kwamfuta daga filas mai Ubuntu ko SystemRescue. Manhajar ita ce GNU ddrescue, wadda a Ubuntu da Debian sunan kunshinta gddrescue.

Fara da lsblk, ka tabbatar da sunan faifan ta hanyar girmansa. Duba sau biyu, domin harafin yana canzawa daga jonawa zuwa jonawa. Kulle shi daga rubutu:

sudo blockdev --setro /dev/sdX

Sannan ka shiga foldar da ke kan babban faifan ka rubuta:

sudo ddrescue -d -n /dev/sdX kwafi.img taswira.map

Wannan zagayen yana kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ba ya ɓata lokaci a kan masu taurin kai. In ya gama da kurakurai, maimaita umarnin amma ka sa -r3 a madadin -n, ya koma wuraren da suka ƙi har sau uku. Fayil ɗin taswira.map shi ne ke tuna inda aka tsaya, don haka ko wuta ta ɗauke, daga nan za a ci gaba. Faifai mai terabayit da yawa yana iya cin yini ko fiye. Bar shi ya gama. Da zarar kwafin ya samu, cire na asalin ka ajiye, duk sauran aikin a kan kwafi.img za a yi shi, kuma kuskure a can ba ya kashe komai matuƙar na asalin yana nan.

In faifan GPT ne, gwada kwafin ƙarshe tukuna

Rubuta gdisk kwafi.img. In jadawalin farko ne ya lalace na ƙarshe yana nan, gdisk zai faɗa maka tun a buɗewa. Danna r ka shiga sashen ceto, b ya sake gina kan jadawalin daga na ajiya, c ya ɗauko jerin ɓangarorin daga na ajiya, sannan p ka ga abin da ya fito. In girma da adadin ɓangarorin sun dace da abin da ka sani, danna v ya bincika, sai w ya rubuta. In ba su dace ba, q zai fitar da kai ba tare da an taɓa komai ba. Wannan hanya ba za ta yi aiki ba in an riga an danna Initialize, ko an goge ɓangaren da hannu, ko an yi umarnin clean a diskpart na Windows, domin a lokacin jadawalin da na ajiyarsa duka sun tafi ko an sabunta su tare. Nan ne TestDisk ke shigowa.

TestDisk, mataki-mataki

TestDisk manhaja ce ta kyauta da Christophe Grenier ya rubuta, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ba ta dogara da jadawali, bin faifan take tana neman alamun da kowane tsarin fayil ke bari a farkonsa. Fuskarta baƙin allo ce da rubutu, ana tafiya da kibiyoyi da Enter, amma kada wannan ya tsorata ka. Ba ta rubuta komai sai ka ce ta rubuta.

Buɗe ta da testdisk kwafi.img. In kuma dole ta sa kana aiki a kan faifan kai tsaye, buɗe ta da ikon mai gudanarwa, zaɓi Create don ta ajiye rahoto, ka zaɓi faifan ta girmansa. A Mac ɗauki wanda sunansa ya fara da rdisk, ya fi sauri. Danna Proceed.

Za ta tambayi irin jadawalin. Intel shi ne MBR, EFI GPT shi ne GPT. Yawanci takan haska wanda ta gano da kanta, kuma shi ya kamata ka bi. Kada kalmar Mac da ke jerin ta ruɗe ka, ta tsohon tsarin Apple ce na kwamfutocin da suka gabaci masu Intel. Faifan da Mac ta zamani ta tsara GPT ne, sai in an zaɓi MBR da gangan. Faifan da ya wuce terabayit 2 ma kusan kullum GPT ne.

Zaɓi Analyse, sannan Quick Search. Cikin ɗan lokaci za ta jero abin da ta samu, kowane layi da irinsa da sektar farawa da ta ƙarewa da girmansa, wani lokaci har da sunan da ka raɗa masa. A nan ne ake buƙatar natsuwa. Haska layin da kake zato, ka danna P. In foldojinka suka fito da sunayensu da kwanakinsu, ka samu. In ta ce tsarin fayil ɗin ya lalace, ko ta nuna foldojin da ka manta da su tun shekarun baya, wannan gawar tsohon ɓangare ce daga wani fomat da aka yi a da. Faifan da ya yi yawo tsakanin manhajoji yakan tara irin waɗannan da yawa, suna hawa kan juna. Wannan leƙe da P yana aiki ne a FAT da exFAT da NTFS da dangin ext. A ɓangaren Mac sai dai ka dogara da girma da suna da wurin farawa.

Lambobin farawa suna taimakawa ƙwarai. Windows tun daga Vista da Linux ta zamani sukan fara ɓangare na farko a sekta 2048, tsofaffin faifai kuma a 63. Faifan da Mac ta tsara da GPT yakan zo da ƙaramin ɓangaren EFI mai megabayit 200 wanda ya fara a sekta 40, babban ɓangaren ya biyo baya a 409640. In ka ga wannan ƙaramin, ba shara ba ne, bar shi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci. Da zarar ka ga fayilolinka, kwashe su kafin ka yi tunanin gyara jadawali. A cikin jerin, ƙaramin a yana zaɓar duka, babban C yana kwafar waɗanda aka zaɓa. Za ta tambayi inda za a kai su, ka nuna mata folda a wani faifan, ka sake danna C. Bayan ta gama, buɗe wasu daga ciki, hotuna da takardu da bidiyo, ka tabbatar suna buɗuwa. Daga wannan lokacin hankalinka ya kwanta, duk abin da ya biyo baya ƙari ne.

In Quick Search ba ta samo ba, danna Enter ka zaɓi Deeper Search. Wannan yana bin faifan gaba ɗaya, yana kuma neman kwafin ajiya na sektocin farawa, don haka yakan ɗauki sa'o'i. Zai fito da layuka da yawa masu harafin D a gefe. Bi su ɗaya bayan ɗaya da P. Wanda ya tabbata naka ne, yi amfani da kibiyar hagu ko dama ka mayar da D ɗinsa P. A MBR akwai kuma L na ɓangaren da ke cikin faɗaɗɗen ɓangare, da tauraro na wanda ake tayar da kwamfuta daga shi, wanda faifan ajiya ba ya buƙata. Duk ɓangarorin da kake so su rayu sai ka yi musu alama, har da waɗanda ba su ɓace ba, domin abin da ka bari a D ba zai shiga sabon jadawalin ba. A nan mutane da yawa suke dawo da ɓangaren Windows su rasa na Linux. In ta rubuta Structure: Ok, babu masu hawa kan juna. Danna Enter, sake karanta jerin, zaɓi Write, ka amsa da Y.

Don gwada sakamakon a kan kwafin:

sudo losetup --find --show --read-only --partscan kwafi.img

Zai ba ka suna kamar /dev/loop0, ɓangarorin kuma su zama loop0p1, loop0p2. Buɗe su da mount -o ro. In komai ya fito daidai, kana iya maimaita matakan a kan faifan asali.

Idan ɓangaren yana nan amma RAW ne

A nan jadawali lafiya yake, sektar farawa ta ɓangaren ce ta lalace. Kowane tsari yana da nasa na ajiya: NTFS a sekta ta ƙarshe ta ɓangaren, FAT32 a sekta ta 6, exFAT daga ta 12. A TestDisk shiga Advanced, haska ɓangaren, zaɓi Boot. In ta ce ta farko Bad ce ta ajiya kuma OK, zaɓi Backup BS. In duka biyun sun lalace a NTFS ko FAT, akwai Rebuild BS, amma danna List ka ga fayiloli kafin ka yarda ta rubuta. A ext4, zaɓin Superblock zai nuna wuraren da kwafin ajiya suke, wanda a mafi yawan ɓangarori na farkonsu 32768 ne, sai a ba e2fsck lambar da -b 32768 -B 4096.

Tarkon kwanson faifai

Wannan mutane kaɗan ne suka san shi. Wasu kwansunan USB, wato akwatunan da ake saka faifai a ciki don a jona shi ta USB, suna nuna wa kwamfuta faifai a matsayin mai sekta 4096 alhali na 512 ne. In aka ciro faifan aka sa a wani kwanson, duk lambobin jadawalin sai su nuna wurin da ba shi ba, ɓangaren ya zama RAW ko ya ƙanƙance zuwa kashi ɗaya cikin takwas na girmansa. Babu abin da ya lalace. A mayar da shi kwansonsa, ko a haɗa kwafin da losetup tare da --sector-size 4096. Wasu kwansunan kuma suna kulle bayanai da kansu, ta yadda in babu allon lantarkinsu ba abin da zai karantu. Haka ɓangaren da aka kulle da BitLocker ko LUKS ko makullin Mac: ana iya dawo da shi cikin jadawali, amma sai da kalmar sirri ko mabuɗin ceto zai buɗu.

In an riga an yi fomat

Fomat mai sauri yana rubuta sabon tsari ne a sama, yawancin bayanan suna ƙasa. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake shafawa a ko'ina, haka ma clean all, kuma bayan su babu abin ceto. A SSD lamarin ya fi tsanani, domin umarnin TRIM na iya share wuraren cikin ɗan lokaci ko da fomat ɗin mai sauri ne.

In tsarin fayil ɗin ya wuce gyara, saura PhotoRec, wadda ke zuwa tare da TestDisk. Ita tana gane fayil ne ta alamar da ke kansa, don haka za ta dawo da hotuna da takardu da bidiyo amma babu sunaye babu foldoji, sai lambobi a cikin recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu. Shiga File Opt ka zaɓi nau'o'in da kake buƙata kawai, in ba haka ba za ka nitse cikin dubban tarkace. Manyan fayilolin da suka warwatsu a faifai, musamman bidiyo, sukan fito a karye.

Bayan an ceto

Faifan da SMART ya nuna ya gaji, ya gama aiki, kada a sake ba shi amanar komai. Mai lafiya kuma, bayan fayilolin sun samu wuri biyu, a sake tsara shi da GPT. Don yawo tsakanin manhajojin uku exFAT ya fi dacewa, tunda Windows da Mac suna karatu da rubutu a kai, Linux ma ta karɓe shi a cikin zuciyarta, wato kernel, tun sigar 5.4 ta 2019, kuma ba shi da iyakar gigabayit 4 ga fayil guda irin ta FAT32. Rauninsa shi ne ba ya ajiye rajistar sauye-sauye kamar NTFS da ext4, shi ya sa fizge waya ana cikin rubutu ke saurin ɓata shi. A riƙa sallamarsa da Eject kowane lokaci, kuma duk gyaran girman ɓangarori a yi shi a manhaja guda.

Sai ka ajiye kwafin jadawalin kansa, aikin daƙiƙa kaɗan ne:

sudo sfdisk -d /dev/sdX > jadawali.txt

Ajiye wannan ɗan fayil a wani wuri daban da faifan. Ranar da jadawalin ya sake lalacewa, bayan ka tabbatar da harafin faifan, sudo sfdisk /dev/sdX < jadawali.txt zai mayar da kowane ɓangare daidai sektar da yake.